Babi na Shida: Aikin Barista Da Takardar Da Ake Miƙo Maka

Iyayena da ƙannena 'yan aji, yau kan lauya za mu zauna, wanda muke kira barista. A Ingila barista shi ke tsayawa gaban alƙali, mai shirya takardu kuma wani ne daban, amma nan Najeriya mutum ɗaya ke yin duka biyun, in ya gama jami'a sai ya tafi makarantar horar da lauyoyi, kamar ta Bwari a Abuja ko reshenta na Bagauda a jihar Kano, sannan a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli.

Lauya ɗaya na iya taɓa fanni uku a rayuwarsa. Ku dubi Babatunde Irukera. Ya yi aiki a ofishin lauyoyi masu harkar kamfanoni, yana kuma cikin lauyoyin da suka tsaya wa gwamnatin Kano a shari'ar kamfanin magunguna na Pfizer, kan maganin Trovan da aka gwada a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta fafatawa har 2009 aka sasanta kan dala miliyan 75. A 2017 aka ba shi hukumar kare masu sayen kaya wadda ta koma FCCPC, ya riƙe ta har 2024. Fannonin nan uku, wato kasuwanci, gasa a kasuwa, da harka da hukuma, za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na 1: Kasuwanci

Hayar shago, sayen fili, haɗa jari da wani, rancen banki, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, duk nan ne. Kuma dukansu da takarda suke zuwa.

To ga abin da za ka yi in an miƙo maka. Riƙe ta da hannunka. Kar ka karɓi biro tukuna, kar ka kai babban yatsanka kan tawada. Nemo sunanka, ai mun koyi rubuta suna a babi na ɗaya, duba ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Nemo kuɗin, sau biyu ake rubuta shi, da lamba da kuma kalmomi, ƙirga sifilai da yatsa, 50,000 daban 500,000 daban. Nemo kwanan wata. Sai ka ce, a karanta mini daga sama har ƙasa, a fassara da Hausa. Wa zai karanta? Ba wanda ya kawo takardar ba. Lauyanka, ko ɗanka, ko wani naka da ka yarda da shi.

Inna, ba abin kunya ba ne wallahi. Doka ma tana bayanki, akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, ta ce wanda ya rubuta miki takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar an karanta miki kin fahimta kafin ki dangwala. Sannu a hankali za ki saba. Mu sake: riƙe, suna, kuɗi, kwanan wata, a karanta, sannan dangwale. Dangwale shi ne na ƙarshe. In wuri ɗaya ya shige miki duhu ki ce a maimaita, ko sau biyar ne, in an ce sauri ake yi ki ce gobe ma rana ce, ki tafi da takardar gida.

Amma fa Baba, maganar nan ta ishe ni faɗa. Ana gwaji a aji, ana miƙo takarda, kafin in rufe baki yatsa ya sauka! Saurin me ake yi? Wai kar mai takarda ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Ranar da aka je kotu ba kara alƙali zai duba ba, yatsanka zai duba, kuma babban lauya ma sai ya sha wuya kafin ya kwance abin da ka ɗaura da hannunka. A karanta tukuna. In ka dangwala, karɓi kwafinka nan take, sa a leda, ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Darasi na 2: Gasa a kasuwa

In manyan 'yan kasuwa suka haɗa baki suka yanke farashi ɗaya, ko suka hana ƙaramin ɗan kasuwa shigowa, laifi ne a dokar gasa da kare masu saye ta 2018. FCCPC ake kai wa ƙara, ita ce ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220 a 2024. Naka aikin shi ne rasit. Ka karɓa, a karanta maka, ka ajiye.

Darasi na 3: Kai da hukuma

In an kama mutum, tsarin mulki na 1999 sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Yana da damar yin shiru har lauya ya zo. Mara kuɗi ya nemi ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba talaka lauya kyauta, a babban birnin jiharsa. Bayanin da aka rubuta a caji ofis ma takarda ce, a karanta kafin yatsa.

Aikin gida: kowa ya zo da tsohon rasit ko takardar haya ranar Asabar, ya ja layi ƙarƙashin sunansa da kuɗin da kwanan wata.