Yadda ake zanen oda salon manga da fentin ruwa

Kafin ka ɗauki fensir, ku gama magana da mai oda a rubuce: mutum nawa za a zana, iya kai da kafaɗa ne ko duka jiki, A4 ko A3, da kuma sau nawa zai iya neman gyara. Sau biyu ya wadatar, kuma duk a matakin fensir, domin fentin ruwa idan ya zauna ya zauna. Ka karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Idan tauraron wani manga (littafin labari cikin zane na Japan) yake so, haƙƙin mallakarsa na marubucin ne da kamfanin da ke buga shi. A Japan kamfanoni da yawa kan kau da kai ga masu sayar da irin wannan zane a Comiket, kasuwar baje kolin zane-zane ta Tokyo, wadda aka fara a 1975, amma izini ba su bayar ba. Zane ɗaya na hannu daban yake da buga ɗaruruwa don sayarwa.

Nemi takardar fentin ruwa mai nauyin 300 gsm, mai santsin fuska. Mai kaushi tana kama bakin alƙalami ta fantsama tawada, siririya kuwa tana jin ruwa take tanƙwarewa. Manna gefunanta huɗu a jikin katako da salatef na takarda.

Da fensir 2H za ka fara, kuma kada ka danna, don rami zai bari, fenti ya taru a ciki. Tsawon babban mutum ya kai tsawon kansa sau bakwai. Salon chibi kuwa, mai ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki, kai biyu ne ko uku. A fuska ka ja da'ira, ka ratsa ta da layin tsakiya, ka sauke layin idanu ƙasa kaɗan. Hanci ɗigo ne ko ɗan gajeren layi. Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne fuskar da ta ɗan juya gefe: idon da ke nesa dole ya fi na kusa ƙanƙancewa a faɗi, tsayinsu kuma kusan ɗaya. Ka ɗaga zanen gaban madubi, duk karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Sai ka tura hoto, ka jira amincewa.

Tawada ce ke ɓata aiki da yawa. Dole ta zama wadda ruwa ba ya narkarwa, irin ta alƙalamin Pigma Micron, lamba 01 don gashin ido, 05 don kewayen jiki. Bakin alƙalamin G-pen da masu manga ke amfani da shi ya fi ba layi rai, yana kauri idan ka danna, ya sirance idan ka sassauta. Gwada tawadar a gutsuren takardar, ka bar ta ta kwana kafin ka goge fensir. Idan makar Copic (alƙalamin launi) za ka haɗa, guji tawada mai ƙaron shellac, don sinadarin alkohol na makar zai narkar da ita.

Fenti daga mai haske ake farawa. Fata tukuna, ruwa-ruwa. Inuwar manga mai kaifin baki ce, saboda haka sai shafi na farko ya bushe ƙayau kafin na biyu, in ba haka ba launin ya yaɗu ya bar tabo. Tsayar da ɓangare ɗaya da haske ke fitowa, inuwar haɓa da ta gashi da ta tufafi su bi shi. A gashi ka bar farin takarda ya zama sheƙi. Ƙwayar ido a duhunta sama, a haskaka ƙasa, ɗigon farin gouache, fenti mai kauri da ke rufe launin da ke ƙarƙashinsa, ya zo ƙarshe.

Ɓare salatef a hankali a karkace bayan komai ya bushe. Yi sikan a 300 dpi, ka tura ƙaramin hoto mai ɗauke da sunanka, a biya cikon kuɗi, sannan ka saka zanen a leda tsakanin kwali biyu masu tauri, ka rubuta "kada a naɗe" a jikin ambulan.