Kana son yin fim a Yamai kuma ba ka da alhaji a bayanka? Ga yadda za ka lallaɓa

Abin da ke kashe fim ɗin matasa tun ba a kai rabi ba shi ne mutum ya zauna ya rubuta labarin da ya fi ƙarfin aljihunshi, biki mai mutum ɗari biyu, hatsarin mota, gidan sama, tafiya Agadas. To wa za ya biya? Ka fara lissafa abin da ke hannunka kyauta tukuna, gidan kawunka a Bukoki, butikin abokinka a Wadata, kabu-kabun ƙanenka, sannan ka rubuta senariyo, wato rubutaccen labarin fim ɗin, a kansu. Wuri uku ko huɗu, ƴan wasa kaɗan, kuma yawancin abin ya faru da rana. Kuma wanga ba ƙasƙanci ba ne. Mai shirya fim Sani Magori manoman albasan Galmi ya ɗauka, mutanen gida, fim ɗin ya zaga duniya. Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin magabatan fim na Nijar, a otal ɗinshi na Tawa ya mayar da wasu ɗakuna wurin aikin fim, bai jira gwamnati ta gina mishi komi ba.

Batun kuɗi, kada ka sa rai ga ƙofa guda. Ta farko aljihunka ne, ɗaukar biki da suna da kilif ɗin mawaƙa, ka shiga adashe ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kamin turnaj, wato ɗaukar fim ɗin. Ta biyu ƴan kasuwa, amma kada ka je da maganar "a taimaka ma matasa", jika biyar za a ba ka a sallame ka. Ka je da abin da za ya samu, sunan butikinshi a jenerik, jerin sunayen da ke fitowa a farko ko ƙarshen fim, ko jarumi ya shiga ya sayi kaya can. Mai abinci kuwa ka nemi abincin ekif, wato ma'aikatan fim ɗin, ba kuɗi ba, ya fi sauƙin cewa to. In kuma wani alhaji ya ce ya ɗauki nauyin komi, alhamdu lillahi, amma a rubuta takarda a sa hannu, nawa ya sa, kashi nawa ne nashi, kuma wa ke da ta cewa kan labari, don in ba a rubuta ba ranar da kunka fara za ya turo wata ya ce ita ce jaruma, ko magana ba ta iya riƙewa.

Akwai finafinan faɗakarwa na ƙungiyoyi, auren wuri, riga-kafi, karatun ƴaƴa mata. Ka yi su, da kuɗinsu ake sayen mikro da fitila, sai dai ka san kaso-kaso suke biya kuma na ƙarshe yakan jima, kada ka ci bashi a kanshi. Ni a ganina kada ka haɗa labarin zuciyarka da nasu, za su cusa maka saƙo har ƴan wasa su koma kamar masu karanta sanarwa.

Kuɗin waje ma akwai, musamman ga dokimanter, fim ɗin abin da ke faruwa da gaske, kamar IDFA Bertha Fund a Holan, Hot Docs-Blue Ice a Kanada, ga Ouaga Film Lab nan Wagadugu inda ake gyara ma mutum dosiye, wato takardun neman tallafi, a haɗa shi da furodusa, mai nemo kuɗi da tsara aikin fim. Dosiye suke so cikakke, taƙaitaccen labari, takardar da kake bayyana dalilinka na yin fim ɗin, bije, wato lissafin kuɗin da za a kashe, dalla-dalla, da ɗan guntun hoto da ka riga ka ɗauka. Da yawansu kamfani suke ba kuɗi ba mutum ba, saboda haka ko ka yi rajista a Maison de l'Entreprise, ofishin buɗe kamfanoni, ka samu RCCM da NIF, lambar rajistar kasuwanci da ta haraji, ko ka shiga ƙarƙashin wanda ke da su. Ka karanta sharuɗɗa da kyau kamin ka ɓata wata biyu kana rubutu, tun da Nijar ta fita daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, a Maris 2025 duk asusun da ya danganci Farankofoni sai ka duba ko ƙasarmu na cikin jerin. Kuma amsa na ɗaukar watanni, ka ci gaba da aikinka.

Yanzu inda kuɗin ke tafiya. Kowa kamera yake tunani, alhali haya ake yi, wayar kirki ma ta isa gajeren fim. Abinci, lisansin mota da babur, ruwan sanyi da kuɗin taksin ƴan wasa su ke cinye mutum kullum kullum. In ekif ba ta ci da rana ba, ƙarfe uku kowa ya fara duba waya. Sai sauti, nan ne ake gane ɗan koyo. Mutane za su yi haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma in ba su jin magana sun wuce. Ka biya mai sauti na gaske ko da za ka rage wani abu, kuma ka je wurin kwana guda kamin nan daidai lokacin da za ku ɗauka ka tsaya ka saurara, akwai injin niƙa a maƙwabta? makarantar allo? tela mai gurup? Naku gurup ɗin ku kai shi bayan katanga da doguwar waya. Lokacin kiran salla a tsaya, a yi salla a ci abinci, dama ba abin da za a iya ɗauka.

In da hali ka kauce ma Afirilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, kamera na kashe kanta, kwalliya na narkewa, wuta na yawan ɗaukewa. Lokacin ɗari ya fi, ku fara da sassafe. Ka sa mutum guda aikinshi kawai ɗaukar hoton kowane ɗan wasa da waya, kallabi, kitso, lalle, don jaruma za ta tafi biki ran asabar ta dawo da sabon ƙunshi alhali cikin labari minti biyar ne tsakani.

Takardar izinin ɗauka ka nema a CNCN, cibiyar fim ta ƙasa, kamin ka fito titi da kamera, ka gaida mai unguwa ka faɗa mishi abin da kuke yi, kuma a halin da ake ciki kada ka kuskura ka juya kamera wajen soja ko bariki, na'ura mai tashi sama kuwa sai da izininta daban.

Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ka ɓoye shi ma montaj, wato haɗa hotunan bayan ɗauka, ka yi kamar babu shi. Finafinai nawa ke kwance cikin disk an ɗauka an rasa na haɗawa. Kowane dare a kwafe aikin ranar a disk biyu, kada su kwana gida guda. Waƙar wani kada ka ɗora ba izini, YouTube za ta kama, fastibal za ta ƙi, gara ka biya mai gurmi ya kaɗa maka naka ku rubuta takarda, ka kai aikin BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka, a yi rajista. A yi fassarar Faransanci a ƙasan hoto in kana hangen FESPACO, babban bikin finafinan Afirka na Wagadugu, inda ɗan Nijar Oumarou Ganda ya ciyo babbar kyauta a 1972. Kuma kada ka saka fim ɗin a intanet ko ka tura ma abokai ta WhatsApp kamin ka gama da fastibal da gidajen talbijin, ka haska shi tukuna a CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda a Yamai, ko MJC, gidan matasa da al'adu na Tawa, da tikiti, kujerun gaba ka sayar ma waɗanda sunka ba ka tallafi da tsada.