Idan nipul ɗin bilidin birki ya cije

Makon jiya aka kawo mini wata Corolla ƙirar 2008. Mai ita ya ce birkin ya yi laushi, sai ya taka sau biyu kafin ya kama. Iska ce ta shiga layin man birki, sai bilidin, wato fitar da iskar, aikin da bai kamata ya wuce rabin awa ba. Nipul ɗin ƙafa uku suka buɗe lafiya lau. Da muka zo ta gaba, ɓangaren direba, nipul ya ƙi ko motsi. Ina waiwayawa na ga yarona ya ɗauko faif zai zura a sufana don ya ƙara ƙarfi. Na riƙe hannunsa.

Nipul ɗin nan ƙaramin ƙarfe ne mai rami a tsakiya kamar bututun biro, ta ramin nan iska da mai suke fita. Shi ya sa ba shi da ƙwarin noti, kuma ƙarfin da ake ɗaure shi da shi kaɗan ne, wajen niyuton-mita 10 a yawancin ƙananan motoci. Ka sa masa faif, ya karye daidai da fuskar kalifa (ƙarfen da ke matse fad a jikin dis ɗin birki), aikin rabin awa ya koma na yini guda, wataƙila har da sayen kalifa.

Abin da ke sa shi cijewa tsatsa ce. Da zarar 'yar hular robar da ke bakinsa ta faɗi, ruwan damina da na wanki su riƙa shiga ramin suna kwanciya a kan zare. Idan kalifar ta alminiyam ce abin ya fi muni, domin ƙarfe biyu mabambanta in sun haɗu da danshi manne wa juna suke yi. Motocin tokunbo da suka fito daga Kanada ko arewacin Amurka su ne suka fi ba ni wahala, saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin ƙanƙara.

Ka ɗaga motar, ka sa mata wakili mai ƙarfi, wato abin da zai tokare ta, kada ka dogara da jak kaɗai. Cire taya, ka goge gindin nipul ɗin da buroshin waya har sai ka ga ƙarfe. Sannan ka fesa man kwance tsatsa a gindin zaren, ka ɗiga kaɗan a cikin ramin. WD-40 yana yi, amma akwai masu ratsawa fiye da shi. Rufe dis da fad da tsumma kafin ka fesa, domin fad ɗin da ya sha mai ya tashi aiki. Daga nan ka bar shi. Wannan shi ne wurin da mutane ba sa iya haƙuri. Awa ɗaya aƙalla, in da hali a kwana. Ni na ce wa mai Corolla ya dawo da safe, ransa bai so ba, amma ya tafi.

Sufanar da za ka ɗauka tana da muhimmanci ƙwarai. Mai buɗaɗɗen baki ba ta aikin nan ba ce, kusurwa biyu kawai take kamawa, nan da nan ta cinye kan nipul ya zama zagayayye. Nemi ringi ko soket mai kusurwa shida, daidai lambarsa: galibi 8, 10 ko 11. Akwai dabarar da maigidana ya koya mini tun ina yaron gareji: ka zura ƙusa ko gindin bakin diril da ya cika ramin sosai. Ramin in a cike yake, nipul ba ya lanƙwashewa idan aka murɗa shi.

Kafin ka murɗa, ka bubbuga. Ƙaramar guduma, bugu gajere a kan soket ɗin da kuma jikin kalifa kusa da zaren, sau talatin ko arba'in. Girgizar ce ke farfasa tsatsar. Sai ka ɗan matsa ta wajen ɗaurewa, kaɗan ƙwarai, sannan ka dawo wajen kwancewa. Gaba, baya, a fesa mai, a sake. Hannunka zai gaya maka gaskiya. In ka ji "ƙas" ya motsa, Alhamdulillahi. In kuwa ka ji yana tafiya da laushi kamar ana murɗa alewa, tsaya nan take, ƙarfen ne ke shirin rabuwa biyu.

In duk wannan bai yi ba, sai wuta. Ni na fi son a cire kalifar daga mota tukuna, a raba ta da tiyon roba, a tsiyaye man, domin man birki yana kama wuta, kuma robobin da ke zagaye da fistin ba sa jure zafi. Jikin kalifa da ke kewaye da zaren za ka ɗumama, na ɗan lokaci, don ya buɗe. Bar shi ya huce, ka fesa mai, ka sake gwadawa. Duk kalifar da ta sha wuta sosai, ina canza mata robobi. Ta Corolla a zagaye na biyu ta saki.

To, in ya riga ya karye fa? Muddin bai motsa ba kafin ya karye, ƙarshensa mai tsini yana nan zaune a mazauninsa, mai ba zai zuba ba. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce mai walda ya ɗora noti a kan guntun ya liƙe ta tsakiya, zafin waldar kansa yana taimakawa wajen kwancewa. Ƙarfen zaro guntu da ake sayarwa ina tsoronsa, don in ya karye a ciki diril ba ya cin sa. Kuma duk wanda zai huda, kada bakin diril ya taɓa mazaunin da ke can ƙasa, in ya ƙwarzanu kalifar za ta riƙa yoyo har abada. A nan gara ka shiga kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Panteka ka nemo wata kalifar, ka buɗe nipul ɗinta a gaban mai kaya kafin ka biya.

Tsohon nipul kada ya koma. Sa sabo, ka ɗaure da hannu ɗaya, ka yi bilidin da sabon mai irin wanda aka rubuta a murfin tankin man birki, DOT 3 ko DOT 4, kana lura kada tankin ya ƙafe. In mai ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Taka birki da ƙarfi na rabin minti, wani ya duba ko akwai jiƙa a gindin nipul, sannan a mayar da hular roba.