Motar Haya Bayan Hatsari a Birtaniya: Bashi Ne da Sunanka

Yawancin 'yan'uwanmu da suka shigo Birtaniya a 'yan shekarun nan ba sa daɗewa suke sayen mota, domin aikin kula da tsofaffi gida-gida, ko kai saƙo, ko tuƙin tasi, ba ya yiwuwa da bas da jirgin ƙasa kaɗai. Suna yin inshora kamar yadda doka ta tilasta, suna kiyaye danja da kyamarorin hanya, amma akwai wani tarko da ba a cika yi musu bayaninsa ba, kuma abin takaicin shi ne wanda ba shi da laifi a hatsari ne ke faɗawa cikinsa. Tarkon shi ne motar da ake kawo wa mutum har ƙofar gida bayan an buge masa tasa, a ce masa ba zai biya ko sisi ba, sai bayan watanni takarda ta iso da lissafin dubban fam.

A gida mun saba idan wani ya buge maka mota a tsaya bakin titi, jama'a su taru a ba da haƙuri, mai laifi ya bi ka gareji ya biya bakanike, magana ta mutu. A nan kamfanonin inshora ne ke magana a madadin direbobi, kuma a tsakaninsu akwai wasu kamfanoni da sana'arsu ita ce ba wanda aka buge motar haya a kan bashi, sannan su bi kamfanin inshorar mai laifi su karɓi kuɗin. A takardunsu za ka ga an rubuta credit hire. Wannan daban yake da ƙaramar motar aro da gareji ko kamfanin inshorarka ke bayarwa kyauta idan tana cikin tsarin da ka saya. Doka ta yarda da sana'ar, kuma tana da amfani ga wanda ba shi da kuɗin ɗaukar haya da kansa, sai dai yarjejeniyar tsakaninka da kamfanin hayar take. Idan ɗaya ɓangaren ya ƙi biya, sunanka ne a kan bashin.

Mutum kan shiga ciki ne bai sani ba. Yana tsaye a gefen titi jikinsa na rawa, sai ya rubuta sunan kamfanin inshorarsa a Google, ya danna lambar farko da ta fito, alhali talla ce ta wani kamfanin dillancin diyya. Hukumar yaƙi da zambar inshora ta IFB ta sha jan kunnen jama'a kan wannan dabara. Wani lokaci kuma kamfanin inshorarka ne da kansa, ko dillalin da ya sayar maka da inshorar, ko mai motar janwe, zai miƙa ka gare su. Muryar da ke waya za ta ce, "Tunda ba laifinka ba ne, za mu kawo maka mota irin taka gobe, kuma ba za ka biya kasonka na gyara ba." Kason nan shi ne kuɗin da tsarin inshorarka ya ce ka biya daga aljihunka idan za a yi gyara. Washegari direba ya iso, ya miƙo maka allon waya ya ce ka sa hannu da yatsa a wurare biyu ko uku, yana sauri don wata motar na jiransa. Abin da ka sa wa hannu shi ne amincewa da farashin kowace rana, da alkawarin ba da haɗin kai har gaban kotu, da izinin shigar da ƙara da sunanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Farashin irin wannan haya ya fi na hayar da ake biya nan take, shi ya sa kamfanin inshorar mai laifi ke bin lissafin layi-layi. Zai tambaya ko da gaske kana buƙatar motar, ko kwanakin da ta yi a hannunka sun dace, ko farashin ya yi daidai da na kasuwa. A ce ana cajin fam 100 a rana, gyara ya ja kwana 60 saboda jiran kayan gyara, to an kai fam 6,000 ke nan tun ba a sa kuɗin janwe da na ajiyar motarka a fili ba, wanda shi ma kullum ƙaruwa yake yi. A shekarar 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta saurari wata shari'a da hayar ta kai kwana 591, kuɗinta ya haura fam 95,000, alhali motar da aka buge kimarta wajen fam 8,000 ce.

Kotunan Ingila sun daɗe da shimfiɗa ƙa'ida a kan wannan. A 2000 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a wancan lokaci, ta nuna cewa abin da mai laifi zai biya shi ne farashin haya na yau da kullum. A 2003 ta yi sassauci ga marar hali: wanda ba zai iya ɗaukar haya da kuɗinsa ba sai ya tauye kansa, yana iya karɓar cikakken farashin hayar bashi. To amma rashin hali ba a baki ake faɗarsa ba. Za a nemi bayanan asusunka na banki, da na katin bashi, da takardun albashi na watannin da suka gabaci hatsarin. A nan ne mutanenmu ke cijewa, domin ba mu saba buɗe wa bare sirrin aljihu ba, kuma kuɗin adashe da ya shigo asusu, ko wanda wani ya ba ka ajiya don a tura gida, na iya sa a ga kamar kana da wadata. Mafita ita ce ka yi bayanin kowane kuɗi da hujja. Ɓoye asusu ko ƙin amsa wasiƙun lauyan da ke bin ƙarar da sunanka shi ne abin da ya fi jawo kamfanin haya ya juyo kanka, domin ka saɓa alkawarin haɗin kai. Idan kuwa ka ba da haɗin kai kuma ka faɗi gaskiya, da yawa daga cikin kamfanonin sukan daidaita da inshora ba tare da sun nemi ragowar a wurinka ba, amma wannan sai ka gan shi a rubuce kafin ka dogara da shi.

Batun buƙata shi ma yana kama mutane. Idan akwai wata mota a gidanka da za ka iya hawa, ko ka tafi gida hutu ko Umara ka bar motar hayar ajiye a ƙofa, waɗannan kwanaki za a ƙalubalance su. Idan an gama gyara, ko an biya ka kuɗin motar da ta lalace gaba ɗaya, ka mayar da ta haya cikin 'yan kwanaki, kuma ka sanar da su ta imel domin kwanan wata ya zama shaida. Masu tuƙin tasi su ƙara lura: a 2019 Babbar Kotu ta ce direban da ke aikin kansa, bisa asali ribar da ya rasa ce za a biya shi, don haka hayar tasi mai lasisi da ta zarce abin da yake samu nesa ba kusa ba tana iya zama asara a wuyansa, sai in ya kawo dalili mai ƙarfi. Haka nan wanda ya wuce wata 12 da zama a ƙasar yana tuƙi da lasisin Nijeriya ko na Nijar, ko yake aikin kai abinci da inshorar zirga-zirgar gida, ya sani binciken nan zai iya tono shi.

A ganina, sabon zuwa mai cikakkiyar inshora, wato wadda ke biyan gyaran motarsa shi ma, ya fi samun kwanciyar hankali idan ya bi ta kamfaninsa, ko da zai fara biyan kasonsa na gyara, domin ana iya karɓo masa shi daga baya idan an tabbatar da laifin ɗayan. Ka ajiye lambar kamfaninka a waya tun yau, wadda ke jikin takardar inshorar. Duk wanda ya yi maka tayin mota, ka tambaye shi sunan kamfaninsa, da ko wannan hayar bashi ce, da nawa ne a rana, da kuma wa zai biya idan ɗaya ɓangaren ya musanta laifi, sannan ka ce a turo maka amsar da yarjejeniyar ta imel kafin motar ta iso. Idan kamfanin inshorar mai laifi ya rubuto yana tayin ba ka mota kyauta, kada ka yi watsi da wasiƙar. Ka nuna wa lauya ko kamfanin hayar nan da nan, domin ƙin tayi mai ma'ana na iya rage abin da kotu za ta amince a biya.

Wanda takardar neman kuɗi ta riga ta iske shi kada ya jefa ta a aljihun tebur. Hukuncin bashi na kotun gunduma yana zama a rajista shekara 6 idan ba a biya cikin wata guda ba, kuma yana wahalar da samun gidan haya da rancen banki. Ka tattara yarjejeniyar, da hotunan hatsarin, da saƙonnin da kuka yi, ka je Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta. Idan kamfanin inshorarka ko dillalinka ne ya miƙa ka ba tare da ya fayyace maka haɗarin ba, ka rubuta masa ƙorafi, ka kuma nemi a ba ka rikodin wayar da kuka yi. Yana da mako 8 ya ba ka amsa, daga nan kana da wata 6 daga ranar amsarsa ta ƙarshe ka kai kuka ga Financial Ombudsman Service, ofishin da ke sauraron ƙorafin jama'a kan kamfanonin kuɗi da inshora, wanda shi ma ba a biyan ko kwabo. Hukunce-hukuncen da na ambata na kotunan Ingila da Weles ne, don haka mazauna Sikotilan su nemi shawara a can, domin tsarin kotunansu daban ne.