Kafin ka bayar da gwanin bugunka saboda yara masu jifa

Duk shekara, da watan Yuli ya yi nisa aka doshi ranar rufe musayar 'yan wasa a gasar besbol ta Amurka, wasan da mai jifa ke jefo ƙwallo mai bugu ya doke ta da sanda, sai saƙonni iri ɗaya su fara shigo mini. 'Yan'uwanmu ne da suka shigo gasar fantasi, inda mutum ke haɗa ƙungiyarsa da sunayen 'yan wasa na gaske yana samun maki da abin da suka yi a fili, irin wadda mutum ke riƙe 'yan wasansa shekara da shekaru, da yawansu 'yan zango mazauna Bronx, inda filin Yankees yake. Mutum ya ga ƙungiyarsa tana ƙasan teburi, sai ya turo: "Yaya, an yi mini tayin yara uku masu jifa a kan babban mai buguna, in karɓa?" Sau da yawa kafin in amsa ma ya riga ya danna. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na rubuta ta a nan.

Babban kuskure shi ne karɓar masu jifa zalla. Kakar wasa tana da wasanni 162. Gwanin bugu mai lafiya zai fito a wajen 150, kullum yana tara maka maki. Mai jifan da ke buɗe wasa kuwa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar, wajen wasa 32 ke nan in komai ya tafi daidai, kuma ba kasafai komai ke tafiya daidai ba. Sana'arsa duka ta rataya ne a kan wata 'yar jijiya da ke cikin gwiwar hannu. Ranar da ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma jinyarta shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. In kafaɗa ce ta lalace, wannan ya fi muni, don da yawa ba sa komawa yadda suke. Ba a ganin wannan a bidiyo, ba a ganinsa a jerin sunayen da masana ke fitarwa. Yaro yana jifa lafiya lau ranar Talata, ranar Juma'a ka ji an ce yana jin tsami a hannu, an tura shi hoto.

Wannan ya taɓa cin kasuwata, kuma har yanzu raina yana ɓaci in na tuna. Na bayar da mai bugu ɗan shekara 25, wanda ke ba ni hom ran, wato bugun da ke tsallake katangar fili, guda talatin ba fashi, na karɓi yara uku da kowa ke yabo. Ɗaya aka yi masa tiyata kafin kakar ta ƙare. Na biyu aka mai da shi cikin masu karɓar jifa a ƙarshen wasa, yana fitowa zagaye ɗaya ya koma benci. Na ukun bai taɓa wuce Double-A ba, ɗaya daga cikin ƙananan rukunan da yara ke bi kafin su kai babbar gasa. Shi kuwa wanda na ba mai bugun, da shi ya riƙa dukana kaka bayan kaka, ina kallon sunan a allon maki a ɓangaren da ba nawa ba. Saki reshe kama ganye, ba wani suna da ya fi wannan dacewa.

Manyan ƙungiyoyi masu ma'aikata da likitoci ma haka ta same su. A Disamba 2007 Florida Marlins ta ba Detroit Miguel Cabrera, yana ɗan shekara 24, haɗe da Dontrelle Willis, ta karɓi 'yan wasa shida, huɗu daga ciki masu jifa. A 2012 Cabrera ya zo na ɗaya a matsakaicin bugu da hom ran da shigar da maki a lokaci guda, abin da rabon a gani tun 1967, ya zama gwarzon American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar, a 2012 da 2013, ya yi ritaya da hom ran 511. Babban mai jifan da Marlins ta karɓa, Andrew Miller, kasawa ya yi a wurinta. Sai da ya koma Boston aka cire shi daga masu buɗe wasa sannan tauraronsa ya haska, har ya zama abin tsoro a Cleveland a 2016. Yaron yana da baiwa, ba ƙarya aka yi ba, amma wasu ne suka ci moriyarta bayan shekaru. Tsofaffin magoya bayan Mets kuma su ba ka labarin Bill Pulsipher da Jason Isringhausen da Paul Wilson, yara uku da aka ɗora wa buri a tsakiyar shekarun 1990, rauni ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ni dai tun daga nan dokata ɗaya ce: in zan saki gwanin bugu, dole mafi daraja a cikin abin da zan karɓa ya zama shi ma mai bugu ne, masu jifan su biyo baya a matsayin gyara. Dubi abin da Texas ta yi a 2007 da ta ba Atlanta Mark Teixeira: ta karɓi masu jifa Neftali Feliz da Matt Harrison, amma har da Elvis Andrus, mai bugu wanda ya yi mata wasa fiye da shekara goma, ta kuma kai wasan ƙarshe na World Series a 2010 da 2011. Washington ma da ta saki Juan Soto a Agusta 2022, ta haɗa MacKenzie Gore da masu bugu CJ Abrams da James Wood. Ba laya ba ce, yara masu bugu ma suna kasawa, Cameron Maybin yana cikin cinikin Cabrera kuma bai zama tauraro ba. Sai dai shi mai bugu ba ya ɓace maka wata goma sha takwas saboda jifa ɗaya.

Kuskure na biyu kuwa, a nan zan ɗan yi faɗa. Malam, me ya kai ka sayar da ɗan shekara 24 ko 26 da sunan kana gina gaba? Wace gaba? Yaran da kake karɓa, in Allah ya sa sun yi kyau, sai nan da shekara uku ko huɗu za su nuna. A lokacin gwanin naka yana 28 ko 29, yana tsakiyar ganiyarsa. Shi ne gaban da kake nema, yana hannunka, ka miƙa wa maƙwabci. Wanda ake sayarwa shi ne wanda ya haura talatin, ko wanda saura kaɗan ya kuɓuce maka, ko wanda ya yi kakar da kai kanka ka san da wuya ya maimaita ta.

Marlins ta nuna fuska biyun a hunturu guda. A Disamba 2017 ta ba St. Louis Marcell Ozuna, bayan ya buga hom ran 37, saura masa shekara biyu ya zama mai 'yancin tafiya inda ya so. Ta karɓi Sandy Alcantara da Zac Gallen a ciki, kuma Alcantara ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon masu jifa, a 2022. Wannan ciniki ne da aka yi a kan gaɓa. Wata guda bayan haka ta ba Milwaukee Christian Yelich, ɗan shekara 26 mai doguwar kwantiragi mai sauƙin kuɗi, a shekarar nan ta 2018 ya zama gwarzon National League, cikin yara huɗun da aka karɓa kuwa babu wanda ya zauna da gindinsa. Oakland ma ta saki Josh Donaldson a Nuwamba 2014 da sauran shekara huɗu a hannunta, ya je Toronto ya zama gwarzo a 2015. Kuma ko cinikin da ya yi kyau ɗin, ka lura, Alcantara ya shiga tiyatar gwiwar hannu a Oktoba 2023, kakar 2024 duka bai yi jifa ko ɗaya ba.

Sai masu ruɗuwa da gudun ƙwallo. An ce yaro yana jifan mil 100 a awa, shi ke nan hankali ya tashi. Ni abin da nake fara buɗewa shi ne sau nawa yake ba mai bugu tafiya kyauta zuwa tushen farko saboda jifansa ya kauce wa saiti sau huɗu. In ya kai biyar a zagaye tara, ina rage masa daraja nan take komai ƙarfin hannunsa. Sannan in duba ko yana da salon jifa na uku da yake amfani da shi da gaske. Mai salo biyu, masu bugu za su gane shi a karo na uku da suka fuskance shi a wasa, ƙarshenta a tura shi cikin masu karɓa, kai kuma kuɗin mai buɗe wasa ka biya. Kallon kitse ake yi wa rogo a nan fiye da ko'ina.

Kada ka ƙirga kawuna: yara biyar matsakaita ba su kai nagari ɗaya ba, gurbi kawai za su cinye maka. Ka tambayi tarihin rauni kafin ka amsa. Boston ta ja da baya a kan Brusdar Graterol a cinikin Mookie Betts na 2020 bayan ta duba takardun lafiyarsa, kai ma ba a hana ka bincike ba. Lambobin yaro a rukunin Single-A, na ƙasa da Double-A, ba sa burge ni sai ya yi irinsu a Double-A. Wanda ke jifa a ƙananan ƙungiyoyin Albuquerque ko Reno ko Las Vegas kuma, inda ƙwallo ke tashi kamar me, kada ka yanke masa hukunci da yawan makin da aka ci shi.

Akwai kuma cinikin fushi. Gwaninka ya yi sanyi a Afrilu, mako uku bai taɓuka komai ba, sai ka ɗora shi a kasuwa, kuma kowa a gasar ya san ranka a ɓace yake, tayin da zai zo maka ke nan mafi arha a shekarar. Colorado ta saki Nolan Arenado a Fabrairu 2021 bayan saɓani ya shiga tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar, ta haɗa wa St. Louis da kuɗi wajen dala miliyan 50, babban abin da ta karɓa Austin Gomber. Ni duk tayin da ya shigo a kan babban mai buguna sai ya kwana biyu ban taɓa shi ba, a tsakanin nan kuma ina tura wa aƙalla mutum biyu a gasar cewa ana taya shi, su ma su faɗi nasu.