Yadda tawagar da aka fi ta ƙuri'a za ta tsira da wani abu a taron yarjejeniya bayan yaƙi

Na daɗe ina shirya ɗaliban sakandare a nan Kaduna don gasar kwaikwayon taron ƙasashe, kuma duk wanda ƙuri'a ta ba shi ƙasar da ba ta da rinjaye kuskure ɗaya yake yi: ya kwana yana haddace jawabi. Jawabi ba ya sauya hannun kowa. Ga yadda nake sa su yi.

Da farko ka ƙirga hannaye tun kafin ka shiga zaure. A taron Belgrade na 1948 kan zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Danube, Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta suna da ƙuri'a 7, Amurka da Ingila da Faransa suna da 3. Da irin wannan lissafi ba nasara ka je nema ba, rage asara ka je yi. Ka zaɓi abu ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, da ba za ka bari ba. Sauran kayan ciniki ne.

Na biyu, kuma nan ne kome yake: ƙa'idojin zama. Ana zartar da su ranar farko, lokacin da mutane ke ta gaisawa da neman kujera. A Belgrade tun a nan aka gama da Turawan Yamma, domin an tsayar da Rashanci da Faransanci a matsayin harsunan taro, aka bar Ingilishi a waje. A San Francisco a 1951, wajen yarjejeniyar sulhu da Japan, reshe ya juya da mujiya. Dean Acheson na Amurka ne ke kan kujerar shugaba, aka zartar da ƙa'idojin da suka taƙaita jawabi suka toshe ƙofar gyara daftari. Gromyko, wakilin Sobiyat, ya tashi yana neman a gayyato gwamnatin Sin ta kwaminis, aka ce maganarsa ba ta kan tsari.

Ni ma a nan na sha kashi. Wata shekara muka taso daga Kawo, cunkoso ya riƙe mu, muka isa zauren a Tudun Wada an riga an zauna. Ina biyan mai keke, yaran suka shige. Da na tarar da su, shugabar tawagarmu tana gyara hijabi hankali kwance, ta ce, "Malam, ai ba a fara ba, ƙa'ida kawai ake karantawa." Kafin in buɗe baki an ɗaga hannu: rinjayen rabi da ɗaya ya isa a zartar da kome, kowace tawaga minti biyu. Takardun da na kashe kuɗin aljihuna na buga musu ko buɗe su ba a yi ba.

Saboda haka abu uku za ka yi wa kafewa. Ka nemi sai da kashi biyu cikin uku za a zartar da magana. Molotov, ministan harkokin wajen Sobiyat, ya yi haka a taron Paris na 1946 mai ƙasashe 21, aka kwashe kwanaki ana ja, har aka raba shawarwarin taron gida biyu: masu kashi biyu cikin uku da masu rinjaye kawai. Ka nemi shugabancin zama ya riƙa zagayawa. Ka nemi kowa yana da damar kawo gyara a rubuce. In ɗaya kaɗai za ka samu, ni na ƙarshen nake ɗauka, kuma ban yarda ɗalibina ya zaɓi wani ba.

Na uku, kar ka fice. Yara na son wannan saboda akwai burgewa a tattara takardu a buga ƙofa. Orlando na Italiya ya fice daga taron Paris a Afrilun 1919 kan garin Fiume, aka ci gaba ba shi, ya dawo a watan Mayu bai samu garin ba. Sobiyat ta ƙaurace wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1950, a bayan idonta aka zartar da ƙudurin tura sojoji Koriya, kujerar da za ta hau ta hana tana nan babu kowa.

Na huɗu, ka nemi wanda ya fi kowa rauni cikin masu rinjaye ka same shi lokacin cin abinci. Talleyrand ya je Vienna a 1814 yana wakiltar Faransar da aka ci da yaƙi, ya jawo ƙananan ƙasashe a jiki, zuwa Janairun 1815 ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Ingila da Ostiriya.

Sauran kuwa, duk gyaran da aka kayar maka ka sa magatakarda ya rubuta shi da sunanka. Sa hannu naka ne, ba mai ƙwace shi da ƙuri'a. Sin ta ƙi sa hannu a Versailles a 1919 saboda yankin Shandong, Turawan Yamma ma ba su sa a Belgrade ba. Ka sanar da dalilinka a layi biyu, ka zauna har a rufe taro.