Idan agogonku ya dawo daga wajen mai gyara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan shawara ce ga masu agogon hannu irin na sifirin, wanda ba ya aiki da batir. Idan an wanke maku injinsa an zuba sabon mai, kada ku yanke masa hukunci a rana ɗaya. Ku ba shi kamar mako biyu, man ya bi jikinsa tukuna.

Ga yadda nake auna nawa. Ina saita shi da agogon waya da safe bayan na tabbatar sifirin ya cika, sai in riƙa rubuta bambancin kullum a lokaci guda, har kwana 7. In ɗauki sakan ɗin da suka taru a rana ta 7 in raba da 7. Ko agogunan da hukumar COSC ta Suwizalan, mai gwada daidaiton agogo, ke ba wa shaida, an yarda su yi jinkirin sakan 4 ko gaggawar sakan 6 a rana, don haka idan naka na yau da kullum yana ƙara sakan 15, Malam, ka gode wa Allah kawai.

Yanayin ajiya ma yana tasiri. Yawancinsu sun fi sauri idan an kwantar da su fuska sama, su ɗan rage idan an jingine su a gefe. Gwada naka da dare ka gani.

Amma in ya fara gudu da mintuna a rana, galibi maganaɗisu ne ya kama shi, daga lasifika ko murfin waya. Mai gyara yana da na'urar da ke cire shi cikin ƙiftawar ido, ba sai an sake buɗe injin ba.